Ki Sha Ruwa a Gaban Surukanki

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Aminci ya tabbata gare ki, Ta-Kaka.

Shekara shida da 'yan watanni ke nan tun da na hau motar Sinnar na bar ku tsaye a bakin tur'a, hanyar ruwan da ke shayar da gonakinmu. Ina gaishe ki, ina gaida uwarki da ƙannenki, ina gaida kakanki Malam Attahiru da duk wanda ya tambaye ni. Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ya tsare ku a zaune da a tafe. Usmanu mutumin Damazin zai kawo ta, tare da wata jaka da zan yi miki bayaninta a ƙarshe.

Uwarki ta gaya mini za ki bar gida bayan girbin dawa. Ta ce mijinki Mudassir ya samu ɗaki a Shandi kusa da makarantar da yake koyarwa, zamanku a ɗakin da aka yi muku a gidanmu ya ƙare. Ta ce iyayensa za su taso daga Kamlin su raka ku, kuma Alhaji, mahaifinsa, ya riga ya kama mota da jagora, za a kwashe ku yini guda zuwa cikin hamada ku ga dalar sarakunan da. Daga nan ta ce a waya, da irin maganar da take yi, ba ke kaɗai za ki shiga motar nan ba. Na gane. Allah ya raba lafiya.

Kin san ban taɓa kiran sunanki ba. Ke ce ta fari, shi ya sa tun kina rarrafe aka miƙa ki ga mahaifiyata, kika zama Ta-Kaka. In kika ɗauki waya, abin da kike ji daga bakina bai wuce "ba ni uwarki" ba. Haka na tarar ana yi, haka na yi. Maganar da zan yi yanzu ma ta uwarki ce, ba tawa ba. To amma uwarki ba ta taɓa ganin yashin da ya fi na bakin kogi ba, ni kuwa a cikinsa nake ci. Don haka ki karanta ke kaɗai, in mun haɗu kada ki tuna mini, ni ma ba zan tuna miki ba.

A gida ana cewa ina aiki a kamfanin yawo a arewacin Saudiyya. Ga yadda aikin yake. Muna ɗaukar baƙi da asuba mu kai su cikin hamada su ga duwatsu da rubutun mutanen da, mu dawo da su da magariba. Ni nake dafa shayi, ni nake rage iskar taya in an zo bakin yashi, ni nake mayar da ita in an fito, ni nake wanke abin da baƙi suka amayar a mota. Na ga irin yinin da za ki yi sau da yawa har ya daina ba ni sha'awa. Na ga kuma yadda yake lalacewa.

In da tawa za ki bi, da kin ce ba za ki ba. Duwatsun nan sun daɗe a wurin, baɗi ma suna nan. Amma na san gidan da kika tashi. Surukinki ya kashe kuɗinsa don ya girmama ki, ba za ki iya buɗe baki ki ce a'a ba, ba kuma za ki faɗi dalili ba. To, aƙalla ki je wurin ungozomar asibiti kafin ranar, ki gaya mata tafiyar da irin hanyar. In ta hana, ki bar Mudassir ya san yadda zai gaya wa ubansa, aikinsa ne. In ta yarda, ga abin da na sani, kuma duk da jikina na koye shi.

Fitata ta farko, an haɗa ni da wani tsohon jagora, Salim, Balaraben daji, ba ya yawan magana. Aka ɗora jarkokin ruwa, na dube su na ce a raina wannan ai ɓarna ce, yini guda kawai. Azahar ta yi, na janyo jarka na yi alwala irin ta gida, na wanke ƙafa har ƙauri, na kurkure baki na zubar. La'asar ma haka. Ina ganin Salim yana buga tafinsa a ƙasa yana taimama, har ina raina shi a zuciyata, ga ruwa a mota mutum yana shafa ƙura. A hanyar dawowa motar ta yi zafi ta tsaya. Abin da ya rage a jarkar da na taɓa, shi aka zuba wa inji, bai isa ba, aka shiga na sha. Muka zauna a inuwar mota da baƙi, har da wata tsohuwa, ana raba ruwa da murfin kwalba, sai da wata motar ta zo. Salim bai zage ni ba. Ya dube ni ya ce, "Ya Sudani, a garinku ruwa ne yake bin mutane?" Na ce masa e, har bakin gona yake zuwa.

Gaskiya na faɗa masa, kuma ita ce cutarmu. Mu mutanen tur'a ne. Tun da aka haife mu ba mu taɓa yin tafiyar da ta raba mu da ruwa ba. In ka bar babbar tur'a ka haɗu da ƙarama, in ka bar ƙarama ga 'yar hanyar ruwa tana shiga hawasha, wato gona, ga randa a ƙofar kowane gida. Ba mu iya ɗaukar ruwa ba, ba mu iya tsoron rashinsa ba. Don haka ki riƙe naki ruwan daban, ban da na mota, ki ajiye shi a ƙafarki ba a bayan kaya ba. Kada ki wanke hannu da shi, kada ki yi alwala da shi. Ki yi taimama, Allah ne ya sauƙaƙa, kuma ki tambayi kakanki in kina shakka. Ki fara sha tun ana gobe tafiya. A can, kaɗan-kaɗan, a kai a kai, kada ki jira ƙishirwa. Iskar wurin tana shanye gumi kafin ki gan shi, sai ki ɗauka ba ki yi zufa ba.

Na biyu abin dariya ne, ko da yake ban yi dariya ba a lokacin. Da silifas na fara aikin nan, irin safinjar da muke shiga gona da ita. Laka ba ta ƙona mutum, ban san yashi yana yi ba. Wata rana mota ta nutse da tsakar rana, na sauka ina tona ƙarƙashin taya, igiyar silifas ɗaya ta tsinke. Kafin in kai inuwa tafin ƙafata ya tashi. Na yi kwanaki ina dafa shayi a zaune, aka yanke mini albashin kwanakin, kuma ban ce an zalunce ni ba, an gaya mini in sayi takalmi na ƙi.

Na san za a yi miki lalle, za a fito da tob, lafaya mai walƙiya, za a ce amaryar gida ce, dole a ga zinariya. Ki bar mai walƙiya a akwati, na roba ne, zai dafa ki. Ki sa na auduga mai haske, mai faɗi, wanda za ki iya ja ki rufe fuska in iska ta taso. Awarwaro yana ɗaukar zafi har ya yi miki shaida a hannu, na ga an yi wa wata baƙuwa. Humra da turaren wuta kuwa, a rufaffiyar mota mai tsalle, ko wadda ba ta da komai a jiki suna juya mata ciki, balle ke. Takalmi rufaffe da safa. In an yi miki dariya, ki bar su su yi, da yamma za su daina.

Yanzu ga wadda ba a faɗa tsakanin uba da ɗiya. A gida, in mutum zai kewaya, sai ya yi nisa har ya tabbata ba mai ganinsa, in ya gama ya bi tur'a ya dawo, don tur'a a miƙe take, ba ta ɓatar da kowa. Na yi wannan a hamada. Na ga akwai mata cikin baƙi, na haye tudun yashi ɗaya, na ga bai isa ba, na haye na biyu. Da na juyo, duk tuddan sun zama iri ɗaya, iska ta share sawuna. Ina jin ƙahon mota, amma ta kowane gefe nake jinsa. Allah ya sa na tuna abin da Salim yake gaya wa baƙi kullum, cewa wanda ya ɓata ya tsaya inda yake. Na tsaya, ya zo ya same ni, ashe ban yi nisan da ya kai daga gidanmu zuwa masallaci ba.

Ke kada ki yi nisa. Hamada ba ta da gindin bishiya, ba ta da bayan gida. Ki kama hannun surukarki Hajiya, ki ce ta raka ki. Ku je bayan dutse mafi kusa, inda kuna ganin rufin mota, ta ware tob ɗinta ta kare ki, ke ma ki kare ta. Na san abin da ya zo miki a rai da kika karanta wannan. Ki yarda da ni, ita ma tana zaune ne tana addu'ar wani ya fara magana. Kuma abin da na fi tsoro ke nan: macen da ba ta son ta ce a tsaya, sai ta daina shan ruwa tun safe don kada bukatar ta taso. Kusan duk wadda na ɗauka a sume na kai inuwa, da haka ta fara.

A shekarata ta uku kakanki Malam Attahiru ya zo Umra. Na roƙi mai gidan aikinmu ya ba ni kujera ɗaya a motar yawo don in girmama surukina, ya ba ni, ban manta masa ba. Na aika aka kawo Malam, muka fita da asuba, shi a gaba kusa da Salim, ni a baya da tukunyar shayi. Tun da na auri uwarki ban taɓa kai loma baki a gaban mutumin nan ba, ban taɓa kurɓar ruwa yana kallo ba. A gida wannan ba wuya, sai ka tashi ka zaga. A mota ina za ka zaga? In an tsaya, ni ne mai hidima, yana zaune a tabarma yana bina da ido yana sa mini albarka. Na miƙa wa kowa ruwa, na miƙa masa, ya karɓa ya ajiye a gefe. Ni ban sha ba. Na ce a raina ai muna azumi a gona da rani, wannan me ne.

Ba ɗaya ba ne. Mai azumi ya sha da asuba ya shirya, kuma yana samun inuwa. Wajen azahar kaina ya fara sarawa. Can na ji gumi ya ɗauke, har ina jin sanyi-sanyi, na ɗauka sauƙi ne ya zo. Ina durƙushe ina rage iskar taya, sai na farka a ƙarƙashin mota, an jiƙa rawani an ɗora mini a wuya. Salim yana riƙe da kwalabe biyu, tawa da ta Malam, duka a cike, ba a ko buɗe su ba. Ya tambaya ko mu biyun azumi muke yi.

Malam ya matso, leɓensa duk sun tsage. Ashe shi ma tun safe bai sha ba. Tsufa ya sa fitsari yana matsa masa, kuma ba zai iya cewa a tsaya a gaban mijin ɗiyarsa ba. Ya zauna a yashi kusa da kaina ya ce, "Haruna, in kunyata ce za ta kashe ka, ni ma taka ta kusa gamawa da ni. Tashi mu ba juna baya." Haka aka yi. Ya zaga wancan gefen mota, na jingina da wannan, kowa ya sha nasa. Baƙi suna kallo ba su san me ake yi ba. Ki tambaye shi, yana nan da ransa, zai ce bai tuna ba.

Shi ya koma gida lafiya. Ni daga ranar ciwon baya ya kama ni, ina daurewa, har ya kai ni asibiti. Likita ya yi adalci, bai ɗora wa yini ɗaya laifi ba. Ya ce shekaru na yi ina aiki a rana ina ƙin sha, tsakuwa ta taru, ranar nan ta ƙarasa abin da aka fara. Suka cire ƙoda ɗaya. Uwarki ta sani, ni na hana ta gaya muku. Mai gidan aikin ya biya asibiti, wannan gaskiya ne. Shi ne kuma duk shekara yake cewa hutu sai baɗi, baƙi sun yi yawa, shi ya sa aka ɗaura aurenki ina nan ina wanke kofuna. Duka biyun nasa ne, na rubuta masa su a zuciyata yadda suke.

To ke, a motar nan akwai Alhaji, akwai Hajiya, ga mijinki da ba ki saba ci a gabansa cikin mutane ba. Na san yadda za ki yi. Za ki zauna can ƙurya, ki ja tob ki rufe baki, duk abin da aka miƙo ki ce kin ƙoshi. Za a yabe ki, a ce ɗiyar Haruna akwai tarbiyya. Ba na son wannan yabon. Na riga na biya kuɗinsa da jikina, bai kai ba. Ni na rasa abin da nake da biyunsa. Abin da kike ɗauke da shi guda ɗaya ne, kuma ba shi da bakin da zai ce yana jin ƙishirwa. Kunya abu ne mai kyau, a cikinta na rene ku, ban ce ki yar da ita ba. Ki ajiye ta a Shandi yini ɗaya, in kin dawo ki ɗauka. In ba za ki iya sha ana kallo ba, ki juya fuska ga taga, ki sa kwalbar a ƙarƙashin tob. Amma ki sha, ki ci.

Sauran ƙanana ne, Mudassir ya ji da su. Ki ba shi wannan ɓangaren ya karanta. Ya sami jagoran kafin ranar, ya tambaye shi mota nawa za ta fita, don mota ɗaya tilo a hamada ba na son ta. Ya ga tayar ajiya da idonsa, ya ga ruwan, ya ji wa aka bar wa labarin hanyar da za ku bi da lokacin dawowa, don waya tana ɗaukewa a can. Jagoran kirki ba ya jin haushin tambaya. Wanda ya ce "kada ka damu" bai nuna komai ba, a nemi wani. Ya kuma ja direba gefe ya gaya masa halin da kike ciki, kalma biyu ta isa. Direbobi suna son su burge baƙi da hawa tudu da gangarowa a guje, in sun sani ba sa yi. Kada ki zauna a kujerar ƙarshe, kan taya, can ne duka yake. Kujerar tsakiya, bayan direba.

Ki karya kumallo kafin ku fita, abu mara maiƙo, ko kisra, gurasar dawa, da ɗan miya. Ki riƙe dabino, da gyaɗa mai gishiri, da lemun tsami don tashin zuciya. Shayi da gahawa ba sa maye ruwa. Abin da za ki gani, ki gan shi da safe. In rana ta take, ki zauna a inuwa ko da kowa ya tafi hawa, ba wanda zai tambaye ki dutse nawa kika taɓa. In kanki ya sara, ko kika ga duhu-duhu, ko fitsari ya yi ja ya ƙanƙance, ko mararki ta ɗaure, ki faɗa a take, da ƙarfi, ga wanda ya fi kusa, ko Alhaji ne. A juya mota. Kuɗin da ya biya ba su kai ki ba, kuma in mutumin kirki ne kamar yadda ake faɗa, shi zai fara cewa haka.

Ban ce wurin ba shi da kyau ba. Akwai wani lokaci bayan la'asar da iska take kwantawa, yashi ya yi ja, ba ka jin motsin komai. Ko ni da na gaji da shi, nakan ajiye buta in tsaya. Ki kai wannan lokacin da ƙafarki, kina gani da idonki, shi ke nan abin da nake nema.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Ya tsare ki daga zafin rana da ɓatan hanya, ya tsare abin da ya ba ki ajiya, ya sanya alheri tsakaninki da mutanen gidan da za ki shiga. Ki gaida Mudassir, ki gaida Alhaji da Hajiya, ki ce ina neman afuwar rashin zuwana. In kun dawo, ki sa uwarki ta kira ni. Ko ki kira da kanki, ba zan ce ki ba ni ita ba.

Mahaifinki, Haruna.

Jakar da ke hannun Usmanu, da abin da ya rage a wurina, ga lissafin abin da na iya tarawa a shekara shida. Kuɗin da zai rufa ɗaki ɗaya da kwano, ba zai rufa biyu ba, suna wurin uwarki. Takalmi rufaffe ƙafa ɗaya, na auna da na uwarki, in ya yi yawa ki ninka safa. Goran ruwa mai riƙe sanyi guda biyu, ɗaya naki, ɗaya ki ba Hajiya. Mayafin auduga fari guda ɗaya. Ƙoda ɗaya, tana aiki. Sai sunanki, da na ajiye tun ranar da aka raɗa shi ban taɓa ba: Safiyya.